Ƙanƙara da Ruwan Zafi Ake Yin Ta

Ranar Laraba jarida ta binne mu, mu Maƙera, ƙungiyar garinmu ta wasan hoki da ake bugawa a kan ƙanƙara, tun ganyen bishiya bai gama zuba ba. Aloiz mai mashaya ne ya karanta mana, don ni makarantata ba ta yi nisa ba, idona kuma ya fara gajiya. Ya tsaya bayan kanta da tabarau a kan hanci, ya buɗe murya kamar mai wa'azin jana'iza.

"Ku saurara, 'yan makoki. 'Maƙeran Hutnica sun buga wasa goma sha biyu, sun ci huɗu, an cinye su takwas. Su ne na goma sha ɗaya cikin ƙungiyoyi goma sha biyu. Takwas na sama kaɗai ke shiga zagayen neman kofi a watan Maris, kuma duk wanda ya ce zai ga Maƙera a ciki, mafarki yake yi. 'Yan gabansu akwai gudu, amma ragarsu a buɗe take. Golansu Svorad shekararsa talatin da bakwai, kuma shekarun sun nuna.'"

Wani direban bas da ke zaune bakin taga ya ce, "Sun nuna kam! Ko kakata aka tsayar a ragar nan da tsintsiya, sai ta fi shi tarewa."

Aloiz ya ce, "Ai dole, kakarka ta fi ragar faɗi."

Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ajiye kofin giyata na ce, "Wanda ya rubuta wannan, ya taɓa taka ƙanƙararmu?"

Aloiz ya ce, "Daga babban birni Bratislava yake, Kawu Metod. Na'ura ce ke yi masa lissafi."

"To a faɗa wa na'urarsa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wasa hamsin ake bugawa a kaka, ba goma sha biyu ba."

Direban ya leƙo fuskata. "Au! Ko dai ka fara barin gemu ne ba mu sani ba?"

Aka sake yin dariya. A wurinmu ranar da ƙungiya ta shiga zagayen kofi, ranar ake ajiye reza, 'yan wasa da magoya baya, ba a ɗauka sai an fitar da mu ko mun ɗauko kofi. Wanda ya bar gemu kafin ranar, ana cewa ya jawo wa ƙungiya ƙashin tsiya. Shekara uku rabon garinmu da gemu.

Na yi magana da ƙarfi a mashaya, amma giyar ba ta shiga ba. Na san abin da ke cin Maƙera, kuma na san da hannuna a ciki.

Ni ne mai ƙanƙarar filin, shekara arba'in da ɗaya. Ni nake tuƙa rolba, motar nan da ke fitowa a kowane hutu ta aske saman ƙanƙara ta shimfiɗa sabon ruwa. Kuma ruwan nan mai zafi ne, har yana tururi. Haka na tarar, haka na koya. Ruwan zafi yakan narkar da bakin tsagar da takalman 'yan wasa masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa suka yi, ya shige ciki, ya kama jikin tsohuwar ƙanƙara, ya daskare sumul da tauri kamar gilashi. Ruwan sanyi kuwa kwanciya kawai yake yi a sama, cike da iska, ya daskare da taushi, ya riƙa ɓarewa.

A watan Agusta aka kawo mana sabon manaja, Kornel. Shekara goma ya yi yana shugabantar masana'antar daskarar da kaji, don haka a ganinsa ba wanda zai koya masa ƙanƙara. Ya sauko ɗakin inji sau ɗaya, ya ga tururi na tashi daga tankin rolba, ya dubi tsohon injin sanyinmu da ya girmi duk 'yan wasan, ya kama kai.

"Kana zuba ruwan zafi a kan abin da injin nan ke fama ya daskarar? So kake ka kashe shi?"

Na ce, "Yallaɓai, ƙanƙarar wasa ba kaza ba ce."

Washegari na tarar da kwaɗo a makunnin tukunyar ruwan zafi. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na ja bakina na kulle, ina jiran ranar da zai ji kunya ya sauko ya roƙe ni. 'Yan wasa suka fara gunaguni cewa ƙanƙara ta yi taushi, wasu suka ɗora wa ɗumin da bai tafi da wuri ba, wasu suka ce tsoho ya tsufa. Ban tanka wa kowa ba.

Ga inda abin ya ci mu. 'Yan wasanmu ƙanana ne, marasa nauyi, jarinsu gudu da miƙa wa juna faifai a ƙasa. Faifan robar nan da ake bugawa da gora a madadin ƙwallo, a kan ƙanƙara mai kyau silalewa yake kamar an ja shi da zare. A kan mai taushi kuwa tsalle yake, ya tsaya da gefe, ya ƙetare gora. Ƙungiyar da ta tara ƙatti ba ruwanta, ta dai harba shi gaba ta bi da kafaɗa. Gola kuma shi ne abin tausayi, don faifan da ya taho a ƙasa ya yi tsalle taku biyu daga gabanka, ko aljani ne kai sai ya wuce.

Da yammacin Larabar nan Svorad ya same ni a ɗakin inji. Da ubansa muka yi aikin narka ƙarfe kafin in dawo filin, kuma a kan ƙanƙarata ya koyi tsayuwa. Ya zauna a kan durom ya miƙe gwiwarsa mai ciwo.

"Kawu, ranar Lahadi ce ta ƙarshe."

"In ji wa?"

"Manaja. Ya samo gola daga ƙasar waje, dillalinsa ma zai zo kallo. In ƙungiyar Masu Gatari ta cinye mu, in kwashe kayana. Koci ya yi iya yinsa."

Na ce, "Ka faɗa musu faifan tsalle yake yi?"

Ya yi murmushi. "Ka taɓa ganin golan da ya ɗora wa ƙanƙara laifi aka sake ganin girmansa? Tsufa ne dai, Kawu. Idona ne ya rage."

Wannan maganar ce ta soke ni. Ba korar ba. Mutumin ya yarda da ƙaryar da aka yi masa.

Da na koma gida na faɗa wa matata Hedviga duka, har zancen kwaɗo. Tana zuba miyar kabeji, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Wata biyu? Wata biyu kana zaune a kan maganar nan kamar kaza a kan ƙwai?"

"Na faɗa masa sau ɗaya, bai ji ba."

"Sau ɗaya! Ni sau nawa nake faɗa maka ka cire takalmi a bakin ƙofa? Tsoho, kai fushi kake yi da manaja, amma ɗan mutane ne ke biya. Gobe uwarsa zan gani a coci, da wane ido?"

Shekara arba'in da shida muna tare, ban taɓa cin ta a gardama ba ranar da take da gaskiya.

Da safe na hau bene ofishin Kornel. Ba na rubutu sosai, amma tun da na kama aikin nan nake zana sakamakon wasa da alli a bayan ƙofar ɗakin inji, na gida a hagu, na waje a dama. Na kwafe zanen a bayan kwalin taba na ajiye masa.

"Yallaɓai, duba nan. A gida mun buga bakwai, mun ci ɗaya. A waje mun buga biyar, mun ci uku. A gida an zura wa Svorad ashirin da tara. A waje, tara. A gida ne kawai yake tsufa? In ya hau bas sai ya koma saurayi?"

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ba wawa ba ne, wannan zan faɗa. Ya ce, "Wasa goma sha biyu sun yi kaɗan a gina magana a kansu, Malam Metod."

"Amma sun isa a kori mutum a kansu."

Kunnensa ya yi ja. "Ƙungiya biyu ke wasa a kan ƙanƙara ɗaya. Kuma injin nan in ya mutu, ba mu da fili har Kirsimeti. Kwaɗo na nan inda yake."

Na ɗauki kwalina na sauko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane baƙo ke yarda ba.

Ban fasa kwaɗo ba, ni ba ɓarawo ba ne. Amma filin yana da tukunya ta biyu, wadda ke ba banɗakin 'yan wasa ruwan wanka, kuma ba wanda ya ce mini komai a kanta. Bayan atisaye na shiga ɗakin canza kaya, wurin nan mai warin da ko kare ba ya so. Maza ashirin da biyu, wasu da tawul, wasu ko shi babu. Na buga bokiti da sifana har aka yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa musu komai, har da shiruna na wata biyu.

Sannan na ce, "Tukunyar nan ba za ta iya biyu ba. Ku zaɓa. Ko ku yi wanka da ruwan zafi, ko ƙanƙara ta yi."

Wani ɗan gaba ya ce, "Kawu, a watan Oktoba? Ruwan nan daga kan dutse yake saukowa! Matata na son ƙarin haihuwa fa."

Wani ya ce masa, "Ai tun da aka fara kaka ba ka zura ko ɗaya ba, me za ta rasa?"

Suka yi ta jifansa da safa. Svorad ne bai yi dariya ba. Yana zaune a kusurwarsa da rabin sulken a jiki, yana kallona.

"Wato ba idona ba ne."

"Ba idonka ba ne. Bakina ne."

Ya miƙe, ya tuɓe sauran kayan, ya shiga banɗaki ya buɗe famfon sanyi. Ƙarar da ya yi, na tabbata an ji ta a tashar jirgi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suna zagin iyayen juna. Koci ya leƙo, ya gan ni da tiyo a kafaɗa, ya ce shi bai ga komai ba, ya ja ƙofa.

Daga Juma'a zuwa Lahadi, kullum da sassafe ina jan tiyo ta dogon lungun nan daga tukunyar wanka zuwa tankin rolba. Kornel ba ya bin lungun saboda warin. Na aske ruɓaɓɓiyar ƙanƙarar sannu a hankali, na riƙa shimfiɗa ruwan zafi siriri, kamar ana shafa man shanu a burodin talaka, ina jira ya kama kafin in ƙara. In ka yi siriri inji ba ya wahala sosai. Da safiyar Asabar na wurga faifai daga wannan bango, ya tafi bai yi ko tari ba sai da ya taɓa wancan.

Ranar Lahadi ƙarfe biyar fili ya cika, mutum dubu huɗu, rabinsu sun zo ne su yi wa Svorad ihu. Masu Gatari suka fito, kowanne kamar ƙofar rumbu. Minti shida da farawa suka zura ɗaya, ta tsakanin ƙafafun mutum uku, ba yadda gola zai gani. Aka fara fito da baki daga saman benci. Amma ni ƙafafun yaranmu nake kallo. Faifai na tafiya daga gora zuwa gora yana manne da ƙasa, ƙattin nan suna juyawa kamar manyan motoci a lungu. Kafin hutun farko muka rama.

Na fito da rolba. Iskar filin ta yi sanyi ranar, sai ga tururi na bin bayana fari tas, ko makaho ya gani. Na ɗaga kai wajen kujerun manya. Kornel na zaune kusa da dillalin, idonsa a kan tururin.

Zango na biyu cikin uku ya ƙare ɗaya da ɗaya. Na cika tanki, na hau, na kunna. Sai ga Kornel a gabana cikin kwat, takalminsa ya jiƙe, da alama tiyon ya biyo tun daga banɗaki.

"Sauko."

"Yallaɓai, hutu minti goma sha takwas ne, uku sun tafi."

"Zubar da ruwan nan ka cika da na sanyi. Na shiga ɗakin inji, allurar ma'aunin injin na dab da ja. In ya tsaya ƙanƙara ta narke, an ba su wasa, an rufe mana fili. Ka san haka?"

"Na sani."

"To?"

"Shekara arba'in da ɗaya nake jin numfashin injin nan. Zai mutu, amma ba yau ba. Na yi maka biyayya wata biyu, ga abin da ta haifa."

"Ni ne manaja a nan!"

"Kai ne. Kore ni ƙarfe takwas. Yanzu dai matsa, rolba ba ta da ido."

Masu ƙofa ba su san abin da ake ciki ba, suka wangale ƙyauren shiga fili kamar kullum. Haske ya faɗo a kanmu. Duk mutanen da ke wancan ɓangaren suka ga manaja tsaye a gaban rolba da hannu a sama. Masu ganga suka fara buga masa, wani ya yi ihu, "A aske shi, Kawu!" Alƙalin wasa ya nuna mini agogo. Na saki birki, motar ta matsa taku ɗaya. Kornel ya kauce.

Kada wani ya ce ban ji tsoro ba. Da na gama zagaye na ajiye rolba, kai tsaye ɗakin inji na nufa. Allurar ta taɓa ja. Injin na nishi kamar tsohon doki a kan tudu. Na buɗe ƙofar baya iska ta shigo, na ɗauki tiyon sanyi ina fesa wa bututunsa, ɗaya hannun a jikinsa, ina yi masa magana kamar yadda ake lallashin mai naƙuda. Zango na uku gaba ɗaya ban ga ko minti ɗaya ba. Ta bango na ji shi.

Wanda ya daɗe a fili ya san muryoyinsa. Akwai nishin da jama'a ke yi in an kusa zura musu, akwai ajiyar zuciyar da ke biyo baya in gola ya tare. Na ƙirga irin wannan sau tara. Sannan ginin ya girgiza har ƙura ta zubo mini a ka, na san mun zura. Daga nan sai ganga, da suna ɗaya da ake rabawa biyu ana maimaitawa. Svo-rad. Svo-rad. Bakunan da suka yi masa fito ɗazu. Allurar ta tsaya a kan ja ba ta wuce ba har aka busa tashi. Biyu da ɗaya. Harbi talatin da biyar aka yi masa, ya tare talatin da huɗu.

Ina naɗe tiyo na ji wani ihun daga banɗakin baƙi. Na manta ban faɗa wa Masu Gatari zancen ruwan wanka ba.

Ƙarfe takwas Kornel ya sauko. Dillalin ya riga ya kama hanya, don ba manajan da zai kori golan da gari ke rera sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon allurar da ta fara sauka.

"Svorad zai zauna har sabuwar shekara, sannan mu duba. Ba don kai ba."

"Na gode, yallaɓai."

"Za ka sami takardar gargaɗi gobe."

"Hedviga za ta karanta mini."

Ya sa hannu a aljihu ya jefa mabuɗin kwaɗon a kan durom. "Ranar da injin nan ya mutu, kai da shi ƙofa ɗaya za ku bi."

Na ce na yarda. Dama tare muka tsufa.

Laraba ta zagayo, Aloiz ya sake ɗora tabarau. Jarida ta ce Maƙera sun hau na goma, amma nasara ɗaya ba ta sauya komai ba, kuma golan da ya yi rana ɗaya mai kyau bai daina zama ɗan talatin da bakwai ba. Ban musa ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma tsakaninmu da na takwas akwai tafiya. 'Yan bayanmu har yanzu suna barin mutum a bakin raga kamar baƙon da ake jin nauyinsa. In ba su gyara ba, ruwan zafi ba zai cece su ba.

Svorad ya shigo sayen abincin rana, ya zo gaishe ni, sai ya tsaya ya ƙura wa haɓata ido. Kwana uku reza na ajiye a inda Hedviga ke ajiye mini ita, ban taɓa ba. Furfura ta fito kamar ƙaya.

Direban bas ya yi tsalle. "Jama'a, ku zo ku gani! A watan Oktoba! Tsoho ya riga Fada shiga coci!"

Aloiz ya ce, "Kawu, don girman Allah. In aka cinye mu ranar Juma'a, da almakashi za a bi ka har gida."

Svorad ya sunkuyo ya rage murya. "Ka aske, Kawu. Za ka jawo mana."

Na ce, "Wata biyu na yi ina shiru, shi ne ya jawo muku. Kai ka je ka tsare ragarka. Gemun nan sai Maris."